SALBIYA: FUREN ADO MAI GAYYATO ƘUDAN ZUMA ZUWA LAMBU

Sau da yawa akan ji ma'aikaci yana kukan cewa ya shuka kabewa ko kankana a bayan gidansa, ya zuba taki, bai yi sakaci da ban-ruwa ba, yaɗo ya rufe fili, fure ya fito rututu, amma daga ƙarshe furen ya kakkaɓe, 'yan 'ya'yan da suka fara ƙullawa kuma suka yi rawaya suka zube. Wani ya ɗora laifin a kan iri, wani ya ce ƙasar ce ta gaji, wani kuwa ya garzaya kasuwa ya sayo maganin ƙwari ya yi ta feshi. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi kansu ko yaushe rabon da su ga ƙudan zuma a cikin lambun.

A lokuta da dama kuwa a nan matsalar take. Kabewa da kankana da gurji suna fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, watau namiji da tamace. Namijin shi ke ɗauke da wata ƙura mai laushi, launin rawaya, tamacen kuwa ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta wanda zai zama ɗa. Muddin ƙurar namijin ba ta isa ga tamacen ba, to, ƙullin nan ba zai girma ba. Ƙurar kuma tana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarta, sai dai ƙwaro ya kai ta. Wannan aiki shi ake kira barbara. Masanan aikin gona sun auna sun ga cewa furen kankana guda yana bukatar ƙudan zuma ya sauka a kansa kamar sau 8 kafin ya ba da ɗa cikakke mai kyan siffa.

Saboda haka ne masu lambu a ƙasashe da yawa suka koma shuka furannin ado da niyyar gayyato waɗannan ƙwari. Ɗaya daga cikin furannin da suka yi suna a wannan aiki shi ne salbiya, wanda akan gan shi jefi-jefi a harabar ofisoshi da makarantu da gidajen gwamnati a garuruwa irin su Jos da Kaduna da Zariya. Sai dai ba kowace salbiya ce ke ciyar da ƙudan zuma ba. Wanda ya zaɓi irin da ya dace, ya shuka a kan kari, ya kuma kame hannunsa daga feshi, shi ne zai ga amfanin abin.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Kafin a shiga maganar furen, ya kamata a san girman abin da ake ƙoƙarin karewa. A cikin watan Fabrairu na 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa mai suna IPBES ya yi taro a birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya, inda ya amince da rahotonsa game da halittun da ke yi wa tsirrai barbara. Rahoton ya nuna cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan ire-iren amfanin gona da duniya ke ci suna dogara, ko yaya, ga barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Haka nan kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure suna bukatarsu. An ƙiyasta darajar amfanin gonar da wannan aiki ke samarwa a kan Dalar Amurka biliyan 235 zuwa 577 a kowace shekara.

Gero da dawa da masara da shinkafa ba su cikin wannan lissafi, domin iska ce ke yi musu barbara, ko kuma su yi wa kansu. Watau tuwo ba zai yanke ba don ƙudan zuma ya ragu. Abin da zai taɓu shi ne miya da kayan marmari da kuma aljihun manomi: kabewa, agushi, kankana, gurji, mangwaro, gwaiba, kashu, riɗi, auduga da kaɗanya. Wani bincike da aka yi a ƙasar Burkina Faso, aka buga sakamakonsa a 2017, ya gano cewa idan aka rufe fure aka hana ƙwari isa gare shi, amfanin auduga yakan ragu da kimanin kashi 37 cikin 100, na riɗi kuwa da kimanin kashi 59. Riɗi yana daga cikin manyan kayan da Nijeriya ke fitarwa waje, kuma jihohi irin su Jigawa da Nasarawa da Binuwai sun shahara wajen nomansa.

Alamun raguwar ƙwarin sun bayyana a wurare daban-daban. A ƙarshen 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka fara samun amyoyinsu wayam, ƙudan sun fita ba su komo ba. A Jamus, wani bincike da aka gudanar a gandayen daji 63 daga 1989 zuwa 2016 ya nuna cewa yawan ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. A wasu gundumomin lardin Sicuwan na ƙasar Sin, manoman tuffa sun shafe shekaru suna hawa bishiya da ɗan burushi suna yi wa furanni barbara ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ganin irin wannan hali ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Disamba na 2017, ta keɓe ranar 20 ga Mayu ta zama Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, bisa shawarar ƙasar Silobeniya.

A ƙasar Hausa dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai saran itatuwa don itacen girki da gawayi, akwai ƙunar daji, akwai ɗiban zuma da wuta wanda kan ƙone ƙudan tare da 'ya'yansu, ga kuma yawaitar feshin maganin ƙwari da na ciyawa. A cikin birane kuwa siminti ya cinye filayen da a dā ciyayi da itatuwa ke yin fure a kansu.

ASALIN SALBIYA

Salbiya ba baƙuwa ba ce ƙwarai ga Bahaushe in aka dubi danginta. 'Yar gida ɗaya ce da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, kuma duk wanda ya murza kararta tsakanin yatsunsa zai ji tana da kusurwa huɗu kamar tasu, ganyenta suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, da yawansu kuma suna da ƙanshi. Sunan ya samo asali ne daga wata kalmar Latin mai ma'anar warkarwa ko tsira, domin tun zamanin Rumawa ake magani da irin da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum. Larabawa suna kiran wannan iri maramiyya, suna jefa busasshen ganyensa cikin shayi, kuma alhazai da ɗaliban da suka zauna a ƙasashen Larabawa sun san shi. Masanin tsirran nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya tabbatar da sunan Salvia a cikin littafinsa na 1753.

Akwai ire-iren salbiya kusan 1,000 a duniya. Wajen rabinsu 'yan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, ƙasar Meziko kaɗai tana da kimanin 300. Sauran sun watsu a ƙasashen Bahar Rum da tsakiyar Asiya da ƙasar Sin. Afirka ma tana da nata, musamman a Afirka ta Kudu da tsaunukan Habasha da arewacin nahiyar, har akwai wata 'yar ƙarama mai jure fari da ke fitowa a hamadar Masar da Sudan. Ƙwayar nan ta ciya da ake sayarwa a manyan kantuna ita ma irin wata salbiya ce ta Meziko.

Waɗanda ake shukawa don ado a ƙasashe masu zafi galibinsu daga nahiyar Amurka suka fito. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai lambu, domin kowane fure an ƙera shi ne daidai da baƙon da ya saba ziyartarsa a ƙasarsa ta asali.

JIGON DA KE CIKIN FURE

Furen salbiya ƙarami ne, siffarsa kamar buɗaɗɗen baki mai leɓe biyu. Leɓen sama ya lanƙwasa kamar rumfa, na ƙasa kuwa ya bazu ya zama dandamalin da ƙwaro ke sauka. Can ƙuryar maƙogwaron furen akwai ɗigon ruwan zaƙi, wanda shi ne abin da ƙudan zuma ke nema ya kai amya ya mai da shi zuma.

Abin mamakin yana cikin rumfar. Duk wanda ya taɓa ganin jigo a bakin rafi ya san yadda yake aiki: doguwar sanda ce a kan gwafa, in aka danna gefe ɗaya sai ɗayan ya motsa. A yawancin ire-iren salbiya sassan da ke ɗauke da ƙura guda biyu ne kacal, kuma kowannensu ɗan jigo ne. Gajeren hannunsa ya tare hanyar shiga wurin ruwan zaƙi, dogon hannun kuma, mai ɗauke da ƙurar, yana ɓoye a ƙarƙashin rumfa. Da zarar ƙudan zuma ya cusa kansa ya tura gajeren hannun, sai dogon ya sauko ya doki bayansa ya shafa masa ƙura. In ya janye, jigon ya koma mazauninsa yana jiran wani baƙon.

Bayan kwana ɗaya ko biyu, sai ɓangaren tamace na furen ya ƙara tsawo ya sunkuyo ƙasa, ya tsaya daidai inda bayan ƙudan zai goga. Ta haka ƙurar da aka ɗauko daga sabon fure takan sauka a kan tsoho, a samu barbara tsakanin tsiro da tsiro. Fure ya ba da abinci, ƙwaro ya yi dako. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan.

Wanda ya fara bayyana wannan dabara a rubuce shi ne Christian Konrad Sprengel, shugaban wata makaranta a garin Spandau kusa da Balin, cikin littafin da ya buga a 1793. Ya shafe shekaru yana durƙusawa a gaban furanni yana lura da shige da ficen ƙwari. Masanan zamaninsa ba su ɗauki aikinsa da daraja ba, aka kuma raba shi da muƙaminsa a 1794 bisa zargin sakaci da aikin makaranta. Ya rasu a 1816 ba tare da ya ga an yaba masa ba. Sai bayan shekaru Charles Darwin na Ingila ya karanta littafin, ya gwada abubuwan da ke ciki, ya tabbatar wa duniya cewa malamin nan ya ga gaskiya. Ɗalibi na iya maimaita gwajin da tsinken tsintsiya: in ya zura shi a hankali cikin furen irin da ke da jigo, zai ga hannun ya sauko.

WACE ZA A SHUKA

A nan ne yawancin masu lambu ke kuskure. Salbiyar da ta fi yawa a wurin masu sayar da furanni ita ce ja wur ɗin nan mai suna Salvia splendens, 'yar asalin tsaunukan Brazil. Ita ce ke ɗaukar ido daga nesa, ita ce kuma akan jera a bakin hanyar shiga ofis. Amma furenta dogon bututu ne siriri, wanda ya dace da bakin wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu shan ruwan fure da ake samu a nahiyar Amurka kaɗai. Harshen ƙudan zuma bai kai ƙarshen bututun ba.

Har wa yau akwai maganar launi. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya nuna a cikin aikin da ya buga a 1914 cewa ƙudan zuma yana rarrabe launuka. Ya saba musu da shan ruwan sukari a kan shuɗiyar takarda, sa'an nan ya ajiye ta cikin takardu masu ruwan toka iri-iri ba tare da sukarin ba, ƙudan suka yi ta sauka a kan shuɗiyar. Da ya gwada da jar takarda sai suka rikice, suka kasa bambanta ta da baƙa ko toka mai duhu. Von Frisch ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973. Abin da aikinsa ke koya wa mai lambu shi ne, shuɗi da ruwan hoda mai duhu da fari da rawaya su ke kiran ƙudan zuma, ja kuwa ya fi jan tsuntsaye da malam-buɗe-littafi.

An auna wannan bambanci a fili. Masana a Jami'ar Sussex ta Ingila sun shuka furannin ado iri 32 a wuri ɗaya, suka yi ta ƙidaya ƙwarin da ke sauka a kan kowanne har bazara biyu. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna cewa furen da ya fi farin jini yana jawo ƙwari kamar ninki 100 na wanda ya fi baƙin jini, alhali kuwa kuɗinsu da wahalar renonsu kusan ɗaya ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka wanda burinsa shi ne ƙudan zuma, sai ya nemi shuɗiyar salbiya mai suna Salvia farinacea, 'yar asalin Meziko da jihar Texas ta Amurka. Tsawonta yakan kai santimita 45 zuwa 90, furenta gajeren bututu ne, tana jure rana da ƙarancin ruwa in ta kafu, tana kuma yin fure wata da watanni. Ƙudan zuma da galla da manyan baƙaƙen ƙudan nan masu huda itace duk suna zuwa gare ta. Akwai kuma mai farin fure daga cikinta.

Ta biyu ita ce Salvia coccinea, wadda ke jure zafi, tana kuma zubar da iri ta sake tsirowa da kanta. Furenta ja ne ko fari ko ruwan hoda, kuma bututunsa bai kai na ta Brazil tsawo ba. Tana jawo malam-buɗe-littafi da ƙananan tsuntsayen nan masu siririn baki lanƙwasasshe da akan gani suna tsotsar furen kauci. Ta uku ita ce Salvia leucantha, wadda ke yin kurmi mai tsawon mita ɗaya ko fiye, furenta kamar karan-miski. Ta fi yin fure in kwana ya fara gajarta, ta kuma fi jin daɗin wuri mai sanyi-sanyi irin na Jos, inda tudun ƙasa ya kai kimanin mita 1,200.

Wannan ba ya nufin a tumɓuke jar salbiya. Tana da nata baƙin, tana kuma ƙawata wuri. Abin da ya fi shi ne a haɗa, a ba shuɗiyar kaso mafi girma.

YADDA AKE SHUKA TA

Salbiya tana son rana, aƙalla awa 6 a yini. Amma a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ya fi kyau a zaɓi wurin da ke samun hantsi, bango ko bishiya kuma ta kare shi daga ranar azahar zuwa la'asar. Babban abokin gabanta shi ne kwanciyar ruwa. Ƙasar jigawa mai yashi-yashi wadda aka gauraya da ruɓaɓɓen takin dabbobi ita ta fi dacewa. Inda ƙasa ta zama laka, sai a tayar da kunya ko gado mai tudun santimita 15 zuwa 20, don kada saiwa ta ruɓe a cikin watan Agusta.

Irin salbiya ƙanana ne, shi ya sa ake fara renonsu a cikin kasko ko akwati ko tsohon kwano da aka huda gindinsa. A cika shi da ƙasa mai laushi, a jiƙa, a barbaɗa irin a sama, a ɗan danna da tafin hannu. Kada a binne shi, domin irin shuɗiya da na ja duka suna bukatar haske kafin su tsiro. A ajiye kaskon a inuwa mai haske, a riƙa yayyafa ruwa da hannu don kada ƙarfin ruwa ya kwashe irin. Cikin kwana 10 zuwa 15 zai tsiro. Bayan mako 6 zuwa 8, lokacin da tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai a dasa shi da yamma, a bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin tsiro da tsiro. In ya kai tsawon taƙi, a tsinke kansa don ya yi rassa.

Wanda bai sami iri ba, yana iya roƙon reshe a wurin maƙwabci. A yanko ɗanyen reshe marar fure mai tsawon santimita 8 zuwa 10, a cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashi mai danshi a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku yakan yi saiwa.

Lokuta biyu ne suka fi dacewa. Na farko shi ne a reni iri a watan Mayu a dasa da faɗuwar damina. Na biyu, ga mai rijiya ko famfo, shi ne a reni iri a ƙarshen Satumba a dasa a Nuwamba, furen ya ratsa hunturu. A makonnin farko ana ba da ruwa kullum. Bayan tsiron ya kafu sai a rage, a riƙa ƙosar da shi sau biyu ko uku a mako, a gindi ba a kan ganye ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindin yana riƙe danshi, sai dai a riƙa dubawa saboda gara. Ruwan alwala da na ɗaurayar kayan lambu, in babu sabulu a ciki, ya isa ya rayar da gado guda.

Kada a cika takin zamani, musamman yuriya, domin zai sa ganye ya yi yabanya fure ya yi ƙaranci. Duk zangarniyar da furenta ya bushe a yanke ta daga gindinta, sabuwa za ta fito. A ƙarshen lokaci sai a bar 'yan kaɗan su nuna, a karkaɗe irin a cikin takarda, a adana a wuri busasshe don baɗi.

Akwai kuma dabarar jeri. Ƙudan zuma yakan lizimci fure iri ɗaya a kowace fita, kuma ya fi saurin gano dandazon fure da ƙwaya ɗaya tilo. Don haka gara a tara tsiro goma ko goma sha biyu wuri guda, kusa da kabewa ko kankana ko gindin gwaiba, da a warwatsa su ɗai-ɗai a cikin gida. A ajiye kasko marar zurfi da ruwa a kusa, a zuba tsakuwa a ciki don ƙwarin su sami wurin tsayawa, a kuma riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu saboda sauro.

MAGANAR FESHI

Duk wannan wahala za ta tashi a banza in aka gayyato ƙudan zuma sa'an nan aka tarye shi da guba. Akwai wasu magungunan ƙwari da tsiro ke shanyewa su bi jikinsa har cikin ƙurar fure da ruwan zaƙinsa. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da guda uku daga cikinsu a fili, watau imidacloprid da clothianidin da thiamethoxam, saboda illarsu ga ƙudan zuma. Yana da kyau mai lambu ya karanta takardar da ke jikin kwalba kafin ya saya, ya kuma nemi shawarar malamin gona.

Ƙwarin da kan dami salbiya su ne farin ƙuda da ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye su bar darɓa. Galibi wanke ganyen da ruwa, ko cire reshen da ya kamu, yana wadatarwa. In abin ya ci tura, a jiƙa dakakken irin darbejiya a ruwa ya kwana, a tace, a fesa a bayan ganye da almuru bayan ƙudan sun koma, a kuma kauce wa furen kansa. Wannan ƙa'ida ta shafi manomin rani ma: feshi da hantsi a kan shuka mai fure shi ne mafi muni.

HATTARA

Wasu za su ji tsoron harbi, musamman a gidan da ke da yara. Ƙudan zuman Afirka yana da faɗa a kusa da amyarsa, amma wanda ya fito kiwo a kan fure ba safai yake harbi ba sai an taka shi ko an matse shi. Duk da haka, kada a kafa gadon fure a bakin ƙofa ko a filin wasan yara, kuma gidan da ke da wanda jikinsa ke kumbura ƙwarai in an harbe shi ya nisanta gadon daga ɗakuna.

Na biyu, salbiyar ado baƙuwa ce, kuma baƙon tsiro yakan wuce gona da iri. An ga yadda Salvia coccinea ta tsere daga lambuna ta zama ciyawa a wasu ƙasashe masu zafi. A tsare ta cikin gida, kada a zubar da busassun zangarniyoyinta a bakin rafi ko makiyaya.

Na uku, gadon fure ba zai maye gurbin bishiya ba. A daji itatuwa suna karɓa-karɓa wajen ciyar da ƙudan zuma: gawo yana fure da ɗaukewar damina, mangwaro da kaɗanya a cikin hunturu, ɗorawa kuma gab da bazara. Inda aka sare waɗannan, sai a sami watannin da babu abin ci. Amfanin salbiya shi ne daɗewarta tana fure, wanda ke cike wannan giɓi. Za ta fi tasiri in aka haɗa ta da tsirran gida, kamar ɗoɗɗoya da aka bari ta yi fure, da zogale da magarya da riɗi da yakuwa. A kuma bar wani lungu na lambu ba a nome ba, domin daga cikin ire-iren ƙudan zuma kimanin 20,000 da ke duniya, mafi yawa ba su zama a amya. A rami cikin ƙasa ko cikin busasshen kara kowace uwa ke renon 'ya'yanta ita kaɗai.

AIKIN OFIS DA MAKARANTA

Sakatariyoyi da asibitoci da makarantu suna daga cikin wuraren da suka fi ko'ina faɗin fili a cikin birane, kuma da yawansu suna da leburorin lambu da kason kuɗin ƙawata haraba. Ba a bukatar ƙarin kuɗi don a sauya abin da ake shukawa. Jami'in da ke sa hannu a takardar sayen furanni yana iya neman a kawo shuɗiyar salbiya tare da ja, ya kuma ba da umurnin a daina feshi a kan fure. Ƙungiyoyin matasa manoma na makarantu kuwa suna iya kafa gadaje biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, ɗalibai su riƙa tsayawa minti goma kowace safiya suna ƙidaya baƙin kowane gado suna rubutawa. Kafin zangon karatu ya ƙare za su ga da idonsu abin da Sprengel da von Frisch suka gani.

Al'ummar da ta san darajar zuma a abinci da magani, wadda kuma ke karanta sura sukutum mai sunan ƙudan zuma a cikin Alƙur'ani, bai kamata ta bari wannan halitta ta rasa abin ci a ƙofar gidanta ba. Ma'aikacin da kabewarsa ta zubar da fure bana, in ya tanadi kasko guda da ɗan iri kafin faɗuwar ruwa, yana iya samun amsar tambayarsa a damina mai zuwa.